Maigida ya ce bana ba ɗinki ba watanda, wai Kirsimeti a zuciya take

Maman Biyu:
Salama 'yan'uwa. Don Allah ina da magana kuma ba wasa nake ba, mai son tsokana ya bari sai Janairu. Kwasar adashinmu na kasuwa ta faɗo kaina ƙarshen Nuwamba, dubu 120 cif, ni kuma tun watan takwas na gama raba kuɗin nan a kaina, ɗinkin yara, ankon zumuntar mata, kaso ɗaya a watandar unguwa, sauran in sayi shinkafa da mai. Shekaranjiya da dare maigida ya zaunar da ni yace bana ba ɗinki ba watanda, kuɗin nan na makarantar yara ne da cikon haya, wai Kirsimeti a zuciya take ba a tukunya ba, har da jawo mini aya. Mutumin da sujadar safe ta gida ma sai na tashe shi sau uku fa, yau shi ne mai wa'azi. Abin da ya fi ci mini rai, ƙaramar ita aka ba mala'ika a diramar makarantar Lahadi, sati biyu kenan tana zagaya tsakar gida tana haddar maganarta, kuma an ce kowane mala'ika ya zo da farar riga. To ku faɗa mini tsakani da Allah, wannan bangaskiya ce ko rowa ce aka sa mata rigar bangaskiya? Kuma ni ɗin da nake son a ci a sha a yi ado, na zama mai son duniya kenan?

Mai Bin Nassi:
Maman Biyu ki yi haƙuri amma maigidanki ya fi ki gaskiya, bai ma ƙarasa ba ne. Ki buɗe daga Matiyu har ƙarshen Sabon Alkawari ki nuna mini inda manzanni suka yi bikin haihuwar Yesu, babu. Markus ko labarin haihuwar bai kawo ba, da Yohanna mai baftisma ya fara. Ranar 25 ga Disamba ba ta cikin Littafi ko sau ɗaya. Abin da Ubangiji yace a riƙa yi don tunawa da shi Jibin Ubangiji ne, amma ranar jibi coci rabi, ranar shinkafa kuwa sai an ƙaro benci daga makaranta.

Ɗan Tasha:
Tabɗi, an fara. Duk shekara sai ka zo mana da wannan, kuma duk shekara ina ganin hotonka da cinyar kaza

Katikis Mai Ritaya:
Ɗana Mai Bin Nassi, abin da ka faɗa game da ranar gaskiya ne, ba mai musu. Littafi bai ba mu kwanan wata ba. Rubutu mafi daɗewa da ya nuna ana kiyaye 25 ga Disamba daga birnin Roma yake, na shekara ta 336, wato kusan shekara 300 bayan tashin Ubangiji. Har gobe ma ba rana ɗaya ake yi ba, 'yan'uwanmu na Habasha da Kibɗawan Masar sai 7 ga Janairu saboda tsohuwar kalandar da suke bi, Armeniyawa kuma 6 ga Janairu. Kuma ba kai ka fara wannan kishi ba, a Ingila majalisa ta taɓa soke bikin a 1647, irin hujjarka suka kawo, mutane suka ƙi, daga baya dokar ta faɗi. Amma ka koma Romawa sura 14, Bulus ya riga ya raba wannan gardama, wani yana ɗaukaka wata rana wani duk ranaku ɗaya ne a wurinsa, kowa dai ya yi domin Ubangiji kada ya hukunta ɗan'uwansa.

Ni damuwata dabam ce. Mu Katolika, da Angilikan da Lutaran, muna da Lahadi huɗu na shiri kafin ranar, Adbent, lokacin jira ne da tuba, mutum ya je ya furta zunubinsa, ya nemi wanda suke gaba ya shirya da shi. Shekara 31 na yi ina koyarwa, kuma abin da na gani shi ne shirin nan duk ya koma wajen tela da kasuwa. Mutum zai yi wa tela sintiri sau bakwai amma ƙaninsa da suka yi shekara biyu ba sa magana kan gonar gado ba zai taka ƙofarsa ba. Sai ranar ta zo a ci a ƙoshi, da yamma a ji wani irin fanko a ciki a rasa dalili.

Mai Bin Nassi:
Baba ai ni ban hukunta kowa ba, tambaya aka yi na amsa

Ɗan Tasha:
Bari in faɗi nawa tunda ni a hanya nake ganin Kirsimeti ba a littafi ba. Kaduna zuwa Kafanchan nake ja. Daga 20 ga wata ba ka da wurin sa ƙafa, kaji a kwando, akuya a but tana kuka tun daga Kachia, buhun shinkafa kan cinyar mutum, kowa da sabon aski yana waya da ƙarfi wai gamu nan tafe. Sai 3 ga Janairu in kwaso mutanen nan dai, fuska a bushe kamar an yi musu sata, mai kuɗin jiya yana roƙona in rage masa ɗari biyar wai zai turo in an yi albashi. Hausawa sun ce sallah ta wuce ta bar wawa da bashi, to mu ma tamu tana barin nata wawayen, ni nake dawo da su.

Amma kada in yi ta zagin mutane, ni kaina shekara shida rabona da sujadar safiyar Kirsimeti, saboda ranar ce kuɗin mota ya fi tsada kuma fasinjan da ya makara ko nawa ka ce zai biya. Uwargida ta gaji da magana ta bari. Bara yarona ya karanta aya a gaban ikilisiya, a waya aka nuna mini.

Uban Uku:
Ni dai zan tsaya wa maigidan nan ko da za ku cinye ni. Mata ba ku san abin da ke cikin kan namiji a Disamba ba, ku kuna lissafin 25 mu muna lissafin sati na biyu na Janairu ranar da za a koro yara daga makaranta. Shekara uku da suka wuce na ci bashi a irin manhajojin nan na waya don kawai kada a ce gidana ba a yanka komai ba, dubu 40 na karɓa, kwana bakwai suka ba ni, da na makara sai suka bi lambobin da ke wayata ɗaya bayan ɗaya suna tura saƙo wai ni ɓarawo ne, har surukata, har sakataren cocinmu. Naman kwana biyu ya ƙare, kunyar kuwa har yau in na shiga taron maza sai in ga kamar ita ake tunawa. Karin Magana 22 tace mai cin bashi bawan mai ba da bashi ne, ni na ga wannan da idona.

Maman Biyu:
Uban Uku ai ni ba bashi nace zan ci ba, kuɗina ne, ɗari biyar ɗari biyar na tara su a rana ina tsaye kan tumatir

Uban Uku:
Na sani Maman Biyu, amma in kuɗinki suka tafi watanda shi ne zai ci bashin a Janairu, duk kanwar ja ce

Matar Fasto:
Salamar Ubangiji gare ku duka. Na karanta tun daga sama, inaso in taɓa abu biyu.

Na farko ga masu ganin kamar ci da sha rashin ruhaniya ne. Ku duba Nehemiya sura 8. An karanta wa jama'a Shari'a suka fashe da kuka, sai aka ce musu a'a yau ba ranar kuka ba ce, ku je ku ci mai kitse ku sha mai zaƙi, ku kuma aika wa wanda bai da abin da ya shirya. Umarni ne fa, a ci, a sha, a aika. Mu mun riƙe biyun farko, na ukun kuma mun mai da shi musaya, kwano ya tafi gidan da muka san kwano zai dawo. Yesu kansa alamarsa ta farko a gidan biki ya yi ta a Kana, bai ce a watse a je a yi azumi ba. Don haka ƙanwata ba ki yi zunubi ba don kina son gidanki ya yi ƙamshi ranar.

Na biyu kuma anko, nan ne zan ɓata wa 'yan'uwana mata rai. Akwai wata ikilisiya da muka yi aiki, ba zan faɗi gari ba, shugabannin zumunta suka fitar da atamfa mai tsada, aka ce duk wadda ba ta da ita ba za ta shiga layin waƙa ba. Ranar Kirsimeti ina duba benci sai na ga wata gwauruwa ba ta zo ba, matar da ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya ita ke fara zuwa share coci. Bayan an tashi na bi ta gida na same ta zaune a ɗaki ta rufe ƙofa da tsohon littafin waƙoƙinta a cinya, tace Mama ban so in ɓata muku layi ne. Na rasa abin da zan ce mata, ina tsaye a gabanta sanye da atamfar. Tun daga ranar duk inda aka kai mu nake faɗa da maganar anko a Disamba, wani wuri in ci nasara wani wuri a ce matar fasto ta cika iyayi.

Ku tuna da Maryamu da Yusufu suka kai jaririn Haikali, kurciyoyi biyu ko 'yan tattabarai biyu ne hadayarsu, Luka 2:24. Ku je Littafin Firistoci sura 12 ku gani, wannan sassauci ne da aka yi wa macen da ba ta da halin ɗan rago. Wato da a cocinmu suke, Maryamu ba za ta iya ankon ba.

Maman Biyu:
Mama wannan ta shige ni. Gaskiya ankon dama don kada a yi da ni ne, ko kalar ba ta yi mini ba

Baba Dattijo:
Jikata ce take rubuta mini, ni idona ya yi rauni. Ina gaishe ku 'ya'yana.

Mu da muke yara a ƙauye shinkafa sau ɗaya muke ganinta a shekara, ranar Kirsimeti, ita ma mudu biyu ne ga gida mai mutum goma sha, sauran tuwon dawa ne da acca. Riga ɗaya ta akoko ake ɗinka mana, a yi ta da girma domin ta kai shekara uku. Wanda ya sami takalmi a hannu yake riƙewa sai an kai ƙofar majami'a ya sa. Amma tun girbi ya ƙare muke koyon waƙa kowane dare a hasken aci-balbal, a jajibere kuma a kwana a majami'a ana waƙa ga hunturu yana shiga ƙashi, gari na wayewa a ɗauki ganguna a bi ƙauyuka da ƙafa, a tsaya ƙofar kowane gida har na waɗanda ba su karɓi bishara ba, a yi musu waƙa a faɗa musu an haifi Mai Ceto. Da yawa a cikin dattawan da kuke gani yau ta wannan yawo iyayensu suka shigo. Mahaifina yana da Littafi Mai Tsarki na Hausa irin na farko, fassarar 1932, shi kaɗai ne a ƙauyen, a cikin jakar fata yake ajiye shi saboda gara, ranar ce ake fito da shi a karanta Luka sura 2 a fili kowa ya ji.

To amma 'yata, kada kowa ya ruɗe ki cewa don muna da bangaskiya ba mu damu da shinkafar ba. Mun damu ƙwarai. Ni shinkafar ce ta fara kai ni majami'a, wa'azin daga baya ya same ni a can. Yaro da baki da ido yake fara koyo. Ki gaya wa mijinki in ji ni, ya biya makaranta, wannan daidai ne, amma kada ya bar yarinyar nan ta tsaya gaban jama'a ba farar riga, zata manta wa'azin bana amma wannan ba za ta manta ba.

Ɗan Tasha:
Baba ya gama magana. A ba jika lemo

'Yar Bokkos:
Tun jiya nake karantawa ina rubutawa ina gogewa. Bari dai in faɗa.

A 2023 ni na gama komai da wuri, abin da ban taɓa yi ba. Ran Asabar 23 ga wata na soya cincin cike da bokiti, an kawo kasonmu na nama na tafasa na ajiye, kayan yara na ninke a kan akwati har da safa. Da dare muka fara jin harbi daga ƙauyen da ke gaba da mu, kafin mu gane me ake ciki wuta ta tashi, na goya ƙaramin na ja biyu muka faɗa gonar dankali muka yi ta tafiya cikin sanyin nan na Filato da ba sai na faɗa muku ba, ko zani na biyu ban ɗauka ba. Kun ji a labarai, ƙauyuka da yawa ne a Bokkos da Barkin Ladi, mutum sama da 150. A cikinsu akwai ƙanin mijina da matarsa.

Safiyar Litinin ranar Kirsimeti a wani aji muka tashi mu fi hamsin a ƙasa. Wata tsohuwa da ban san ta ba ta ɗaga waƙar haihuwa da muryarta mai rawa, wasu suka amsa. Ni ban amsa ba, gaskiya nake faɗa muku, haushi ma na ji, nace a raina wace salama a duniya, ina mala'ikun suke daren shekaranjiya. Na fi wata huɗu ban iya addu'a ba, in na rufe ido bokitin cincin nake gani, ban san me yasa shi ba.

Abin da ya fara kwance ni ba wa'azin kowa ba ne. Wata rana na buɗe Matiyu sura 2 don in karanta wa yara labarin masanan nan da tauraro, sai na zarce ƙasa inda ba a cika karantawa ba, Hirudus ya aika an kashe yara maza daga shekara biyu zuwa ƙasa a Baitalami, Rahila tana kuka ta ƙi ta'aziyya, Yusufu ya tashi da dare ya ɗauki yaron da uwarsa suka gudu Masar. Da dare fa. Na ajiye littafin na yi kukan da ban yi ba tun ranar. Shekara talatin da wani abu ina zuwa coci ba a taɓa yi mini wa'azin wannan wurin a Kirsimeti ba, kullum a makiyaya da kyautai ake tsayawa. Ashe Maryamu ita ma ta goya ta gudu.

Katikis Mai Ritaya:
'Yata, Allah ya ta'azantar da ku. Wurin nan da kika karanta, a kalandarmu yana da ranarsa, 28 ga Disamba, ranar tunawa da yaran Baitalami, 26 kuma ta Istifanus ce wanda aka jejjefe. Magabata da gangan suka jera su kusa da haihuwar. Mutanenmu na Madalla ma da bam ya tashi a cocin Santa Teresa ranar Kirsimetin 2011 suna fitowa daga sujadar Mas, wannan karatun ne ya riƙe da yawansu.

Matashi Mai Zafi:
Shi yasa nake cewa mu daina wannan lallashi, mun san su waye kuma

Admin:
Ɗan'uwa na goge sauran saƙonka. Ta kawo mana ciwonta ne, ba ta ce a ɗora mata wani abu a kai ba. Ka kiyaye.

Maman Biyu:
Yaya ki yafe mini, ni ina nan ina kukan atamfa da watanda. Kunya ta kama ni wallahi, da na sani ban kawo maganar ba

'Yar Bokkos:
A'a ƙanwata kada ki ji kunya ko kaɗan, ba don haka na faɗa ba. Ni fa Kirsimetin da ta biyo baya da gangan na sayi fulawa mudu ɗaya na soya cincin, hannuna na rawa, mijina yana cewa ki bari mana, nace sai na soya. Na raba wa yaran da muka kwana aji ɗaya da su waɗanda na iya samu. Ki yi wa mala'ikanki riga.

Ɗan Wusasa:
Allah ya ƙara ƙarfi Yaya.

Ni ta wani gefe zan shigo. Mu Hausawa ne gaba da baya, kakana yana cikin waɗanda suka taso hannun mishan tun zamanin Likita Mila, Baturen mishan, cocinmu na Bartalamawas mai ginin ƙasa yana nan tsaye tun 1929, kuma rabin danginmu Musulmi ne, goggonnina biyu a cikin birnin Zariya suke aure. A gidanmu ba a taɓa yanka dabbar Kirsimeti da hannunmu ba, Malam maƙwabcinmu ake kira ya yanka domin kowa ya ci ba tare da shakka ba, kuma kwanon farko ba namu ba ne, nasu ne, mu yara mu muke kaiwa da lulluɓin tawul, da Babbar Sallah kuma cinyar rago ta shigo mana. Da na fara girma nakan ji haushi, nama kaɗan kuma a fara da waje. Mahaifiyata tace mini wanda muke bikinsa ai baƙo ya zo, kuma ba danginsa aka fara gaya wa ba, makiyaya ne a daji. A Kaduna ma kuna gani duk shekara Musulmi suna zuwa cocin Fasto Yohanna Buru a Sabon Tasha ranar Kirsimeti, 'yan jarida na ɗauka kamar sabon abu, mu kam haka muka tashi muka gani ba kyamara.

Abin da nake so in ce wa Maman Biyu, ko rabin kaso kika samu, ki fitar da kwano ɗaya zuwa gidan da kin san ba zai dawo ba. Luka 14 kenan.

Mai Bin Nassi:
Wannan kam ba ni da ja, nassi ne

Nas a Ingila:
Ku da kuke kukan ba kuɗi ku zo ku ga inda akwai kuɗin. Nan tun Nuwamba fitilu ko'ina, shaguna cike, kowa da bishiyarsa a falo, amma abokan aikina da yawa ba su taɓa shiga coci ranar ba kuma ba su ga abin mamaki a ciki ba, a wurinsu ranar iyali ce da kyauta. Ranar 25 jirgin ƙasa ma ba ya tafiya, titi shiru kamar an yi dokar hana fita, ƙarfe huɗu duhu ya rufe. Bara ina aiki a gidan tsofaffi, wata tsohuwa da aka yi mata kwalliya tun safe aka sa mata hular takarda tana kallon ƙofa har dare ba wanda ya zo, ɗanta ya aiko kati da fure mai tsada. Da na je ba ta magani tace in yi mata waƙa irin ta ƙasarmu, na yi mata ta Hausa ƙasa-ƙasa kada a ji a ce na karya doka, ba ta san ko kalma ɗaya ba amma ta gane muryar waƙar ta kama da Turanci muka ƙarasa tare. Na fita na shiga banɗaki na yi kuka, kewar ƙurar Disamba da ƙarar nokawut ɗin yaran unguwa da nake zagi da ta kama ni.

Ɗan Tasha:
Anti ki turo fam mu turo miki ƙura, buhu nawa kike so

Maman Biyu:
To 'yan'uwa ga yadda aka ƙare. Daren jiya bayan yara sun yi barci na miƙa masa wayar nace karanta, ya karanta tun daga sama, da ya zo kan na Uban Uku ya daɗe bai matsa ba. Ashe wata biyu kenan ba a biya su cikakken albashi ba a wurin aiki, rabi ake ba su, bai faɗa mini ba, kuma mai gidan da muke haya ya riga ya yi masa magana sau biyu. Nace to me ya hana ka faɗa mini haka kawai sai ka ɓuya bayan aya, yace kunya. Mun ɗan yi sama-sama kam, don nace masa kada ya ƙara jawo mini Littafi in kuɗi ne babu, ya ce babu, in ya so mu nemi ayar tare.

Mun ware dubu 85 na makaranta da haya, na kai wa yayata ta riƙe don in suna ɗakin nan ban yarda da kaina ba. Anko na fasa, na kira shugabarmu na faɗa mata, ta yi shiru tace to, ban san me za a ce ba ran Lahadi. Watanda mun haɗa kaso ɗaya mu biyu da maƙwabciyata. Akwai wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa a bakin layinmu da jikoki uku, kwanon nata ne. Shi kuma yace zai je Zonkwa ran 23 ya ga yayansa da suka yi shekara ba sa ɗaga wa juna waya, wannan ba ni na sa shi ba, maganar Baba Katikis ce ta kama shi.

Saura rigar mala'ika. Tela yace ko ninki biyu zan biya ba zai karɓi sabon ɗinki ba yanzu. Ina da farin leshin da na sa ranar aurena yana ƙasan akwati shekara tara, wa ya san yadda zan rage shi da hannu ba tare da na yanka ba? Kuma fukafukan da me ake yi

Matar Fasto:
Kada ki yanka. Ki ninka shi biyu ki ɗaura mata daga ƙirji, ki kama kafaɗun da fil ta ciki, ki sa farin ɗankwali a ƙugu ya tattare tsawon. Fukafukai kwalin taliya ne, ki zana ki yanke ki shafa gam ki manna auduga, ki huda wuri biyu ki sa roba ta rataya kamar jakar makaranta.

Ɗan Tasha:
Kwali kam akwai su a tasha, gobe in na sauke lodin safe zan ajiye miki biyu wurin mai shayi. Ƙarfe nawa ne diramar? In ta yamma ce ƙila in yi sawu ɗaya in dawo

Maman Biyu:
Ƙarfe huɗu ran 24. Ka kawo manya don Allah, yarinyar tace nata fukafukan sai sun fi na Jibra'ilu